Saƙon barazana a salula: wanda ya goge ya zubar da shaidarsa

Wani saƙon murya ya cika zaurukan WhatsApp na mutanen Tasawa da Mayahi, daga Korgom har Kanembakashe. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi aikinsa ba, amma yana zuba da gadara kamar shi ya ƙera salular.

Ya ce cire sim yana share saƙonni. Ƙarya ce, saƙon WhatsApp a cikin wayar yake. Ya ce Airtel da Moov da Zamani suna karanta hirar kowa. Wannan ma ba haka ba ne: tun 2016 saƙon WhatsApp a kulle yake daga mai aikawa zuwa mai karɓa. Abin da kamfanin waya ke riƙewa shi ne lambobin da suka kira juna, da lokaci, da eriyar da kiran ya bi.

Magana ta uku ce mai cutarwa. Wai duk wanda ɗan damfara ko mai barazana ya aiko wa saƙo ya goge nan take don kada a ɗauke shi abokin laifi, tunda ai jandarmomi na da na'urar da ke dawo da komai in an buƙata.

Na'urorin suna nan, irin na kamfanin Cellebrite na Isra'ila, kuma wani lokaci suna dacewa. Idan aka goge saƙo, waya takan bar gurbinsa har sai sabon abu ya hau kai. To amma kowane hoto, kowace murya da ta shigo daga baya tana iya binne shi. Wayar da aka yi wa wankin ƙwaƙwalwa kuwa, musamman daga Android 10 zuwa sama, makullin bayananta ya tafi, kuma da wuya ƙwararre ya ciro wani abu. Babu mai gaskiyar da zai yi alkawarin dawo da komai, balle mai gyaran waya na bakin tasha, wanda taɓawarsa kan ƙarasa ɓata abin da ya rage, ta kuma ba wanda ake tuhuma damar cewa an yi wa shaidar hannu.

Sau da yawa ma ba daga gogaggen saƙo ake kama mai laifi ba, daga kwafinsa ne. A Amurka, a Yunin 2018, an soke belin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, bisa zargin neman juya shaidu. Masu bincike sun samu saƙonninsa a ajiyarsa ta iCloud, kuma waɗanda ya aika wa sun miƙa nasu. Wayar mai karɓa ita ce shaida mafi ƙarfi, ita ce kuma wannan murya ke cewa a share.

Ba a ga laifin waɗanda suka tsorata ba. Nijar na da dokar laifukan intanet ta 3 ga Yulin 2019, an tsare ƴar jarida Samira Sabou da ita a 2020 kan rubutun Facebook, kuma a Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da zai tada hankalin jama'a. Uwar da aka aiko wa murya cewa ɗanta na hannun wasu a Libiya, a tura kuɗi ta Nita, dole gabanta ya faɗi. Sai dai a waɗannan laifuka mai ƙirƙira da mai yaɗawa doka ke nema. Wanda ya tura muryar mai gadarar nan zaure goma ba tare da tambaya ba ya fi uwar nan kusa da matsala.

Duk wanda saƙon barazana ko damfara ya shigo masa ya bar shi yadda yake, ya ɗauki hoton allon da lamba da lokaci, ya adana rasit ɗin kuɗi, kada ya tura wa kowa, ya kai wayar ga jandarma ko ƴan sanda a ranar.