Me ya sa jijiyar da ta yanke ke buƙatar jini kafin ta warke?

A Hausa, kalmar jijiya ta haɗa abu biyu: wadda jini ke gudana a cikinta, da wadda ke kai saƙon ji da motsi tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. A jiki ma ba sa rabuwa, domin kowace jijiyar saƙo tana da ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da ita.

Wannan ya shafi 'yan uwanmu mazauna Sabha, musamman magina, makanikai da direbobin hanyar Agadas. Gilashi ko ƙarfe kan yanki hannu, a ɗinke fata, rauni ya rufe, amma yatsu su ƙi motsi.

Idan jijiya ta yanke, ɓangaren da ya rabu da tushe yakan lalace, kuma wurin yankan yakan rasa iskar oksijin. A 2015, masu bincike ƙarƙashin Alison Lloyd a jami'ar UCL ta Landan sun nuna abin da ke biyo baya a jikin ɓeraye: wasu ƙwayoyin garkuwar jiki suna gane ƙarancin iskar, sai su fitar da sinadarin da ke tsiro da sababbin hanyoyin jini a cikin giɓin. Ƙwayoyin Schwann, masu lulluɓe jijiya, su ke bin waɗannan hanyoyi su tsallaka, zaren jijiyar kuma ya bi bayansu.

Aikin yana tafiya sannu a hankali, kusan milimita 1 a rana. Wanda ya yanke a gwiwar hannu, santimita 30 daga tafinsa, zai iya jiran wata 10. Tsokar da ta wuce wata 12 zuwa 18 ba saƙo kuwa, da wuya ta dawo daidai.

Saboda haka, duk abin da ke rage jini yana jinkirta warkewa: taba sigari tana matse hanyoyin jini, ciwon sukari yana lalata ƙananansu, haka ma ɗauri mai tsanani irin wanda wasu masu ɗori ke yi.

In ka ji sashen hannu ko ƙafa ya mutu bayan rauni, kada ka jira. Je Cibiyar Lafiya ta Sabha, babban asibitin kudancin Libiya, ka nemi a gwada ji da motsin kowane yatsa. Idan aka tura ka Tarabulus, mai nisan fiye da kilomita 700, yi haramar tafiya da wuri, domin ɗinkin jijiya ya fi nasara a makonnin farko.