YADDA SABON MAHARBI KE SHIRYA BINDIGARSA DON FARAUTAR BAREWA A AMURKA

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Amurka, mu ga yadda yaron da bai taɓa fita farauta ba yake shirya bindigarsa kafin lokacin harbin barewa ya zo. Za mu ɗauki misali da jihar Ohayo, wadda jiha ce ta manoman masara da waken soya. Abin da muke so mai karatu ya lura da shi shi ne, a can aikin maharbi yana farawa ne tun daga gida, makonni kafin ya taka daji. Wanda ya ƙi yin wannan shiri, ko dai ya raunata dabba ta gudu ta mutu a banza, ko kuma ya harbi ɗan'uwansa mutum.

Barewar tasu ta sha bamban da tamu. Ta fi tamu girma, domin namijinta yakan kai nauyin ƙaton rago ko ma ya fi. Ƙahonsa yana da rassa kamar na itace, yana zubewa duk shekara, wani ya sake tsirowa. Ƙarƙashin wutsiyarta fari ne fat, shi ya sa suke ce mata mai farar wutsiya. Wajen shekarar 1900 saura kaɗan a ƙarar da ita, saboda yawan harbi da sare dazuzzuka. A Ohayo ma sai da aka neme ta aka rasa. Da aka kafa dokoki ta sake yaɗuwa, sai a 1943 aka ba da izinin farautarta, inda aka harbi 168 kacal. Amma a kakar 2023 zuwa 2024, waɗanda aka harba a jihar sun haura 200,000, kuma dajin bai rasa barewa ba.

ILIMI KAFIN BINDIGA

Ba a sayar wa sabon maharbi cikakken lasisin farauta sai ya shiga ajin koyon farauta ya ci jarrabawa. Jihar Niyok ce ta fara wajabta wannan karatu a 1949, daga baya sauran jihohi suka bi sahu. Wanda bai riga ya yi karatun ba, a Ohayo ana ba shi lasisin ɗan koyo, da sharaɗin ba zai fita ba sai tare da babban mutum mai lasisi. Babban lokacin harbi da bindiga mako guda ne, yana farawa ran Litinin da ke bin bikin godiyarsu na ƙarshen watan Nuwamba, lokacin da sanyi ya kama kuma an kwashe amfanin gona.

WACE IRIN BINDIGA?

Bindigar da muke magana a kanta ita ce irin ta harbin tsuntsaye, dangin wadda maharbanmu ke kira mai baki ɗaya ko mai baki biyu. Shekaru da yawa ita ce babbar bindigar farautar barewa a Ohayo. Dalili kuwa, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ga gidaje da dabbobi a tsakanin gonaki. Harsashin babbar bindiga irin ta soja yana iya tafiya fiye da mil biyu, amma na wannan ba ya kai haka. Sai a 2014 aka yarda da wasu bindigogi masu dogon zango kaɗan, amma har yanzu da yawa da wannan suke fara koyo.

Ana gane girman bakinta da lamba. Waɗanda aka fi amfani da su su ne lamba 12 da lamba 20. Abin mamaki, lamba 12 ta fi lamba 20 faɗin baki. Faɗin ta farko wajen milimita 18 da rabi ne, ta biyu kuwa bai kai milimita 16 ba. Duk bindiga idan ta tashi tana shurin kafaɗar mai harbi, kuma lamba 12 ta fi shuri. Saboda haka yaro, ko mace, ko mai ƙaramin jiki, akan ba shi shawarar ya fara da lamba 20. Ita ma tana kayar da barewa sarai. Wanda bindiga ta tsorata shi tun farko, zai riƙa runtse ido yana zabura kafin ya ja kunama, kuma mai zabura ba ya samun abin da ya auna.

Sai kuma a duba tsawon ƙota, wato katakon da ake dannawa a kafaɗa. Daga kunama zuwa gindin ƙota, ta manya wajen inci 14 ce, ta yara kuwa inci 12 ko 13. A gwada ta sanye da rigar sanyin da za a fita da ita, domin kaurin riga yana ƙara tsawo. Akan liƙa roba mai taushi a gindin ƙotar don rage zafin shuri, a ɗaura mata maratayi don hannuwa su samu sakewa wajen tafiya.

HARSASHI DA BUTUTU

Harsashin tsuntsaye cike yake da ƙananan ƙwayoyin darma masu watsuwa. Wannan ba ya kashe barewa, sai dai ya ji mata ciwo. Dokar Ohayo ta ce da dunƙulallen harsashi guda ɗaya za a harbe ta. Na lamba 12 nauyinsa yakan kai giram 28.

Bututun bindiga iri biyu ne, kuma kowanne da harsashinsa. Akwai mai sumul a ciki. Shi ana sa masa dunƙulen darma mai rami a gindi da nauyi a kai, kuma kada a yi harbi da shi fiye da yadi 50 zuwa 75. Wasu bututun an matse bakinsu don ƙwayoyin harbin tsuntsu su tafi a haɗe. A farautar barewa an fi son mai sakakken baki. Akwai kuma bututu mai zane a ciki kamar murɗin igiya, wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa. Shi ana sa masa siririn harsashi da aka lulluɓe da kwanson roba, wanda ke rabuwa ya faɗi da zarar ya fito. Wannan yana kai yadi 100 har ma fiye, sai dai ya fi tsada.

Ga wani haɗari da ake jan kunnen kowane ɗalibi a kansa. Idan aka yi kuskure aka sa harsashin lamba 20 a cikin bindiga lamba 12, zai zurma ciki ya maƙale a bututu. Mai ita zai zaci bai ɗura ba, ya ƙara na lamba 12 a baya. Yana jan kunama sai bututu ya fashe a hannunsa. Don haka ne ake yi wa kwanson lamba 20 launin rawaya. Kada a haɗa iri biyu a aljihu ɗaya, kuma a karanta lambar da aka buga a jikin bututu kafin a sayi harsashi. Dokar jihar ta kuma hana sa fiye da harsashi uku a bindiga. A da, wadda ke cin biyar, dole ne a zura mata guntun itace ko roba a ma'ajiyarta don rage wurin.

GYARAN SAITI

Wannan shi ne babban aiki, kuma shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa. Ɗan ɗigon ƙarfen da ke kan bakin bindigar tsuntsaye bai isa ba. Sai a sa mata saiti na gaba da na baya, ko a ɗaura madubin hangen nesa. Mai sa madubi ya bar tazarar wajen inci huɗu tsakaninsa da ido, in ba haka ba idan ta yi shuri zai tsaga masa gira.

Kafin a fara, a goge bututu da tsumma, a tabbata babu ƙasa ko tsatsa ko maiƙo a ciki, a ɗaure kusoshi tamau. Sai a je filin koyon harbi mai tudun ƙasa a baya. A toshe kunnuwa, a sa tabarau. A zauna, a ɗora bindiga a kan buhun yashi don kada hannu ya yi rawa. A kafa kwali a yadi 25, a yi harbi uku ana auna wuri ɗaya. In sun taru a hagu ko dama, sama ko ƙasa, sai a murɗa saiti, a sake uku. Idan sun zo tsakiya, a mayar da kwalin yadi 50 a maimaita.

Bayan haka sai a gwada kai. Huhu da zuciyar barewa faɗinsu kamar farantin cin abinci ne, wajen inci tara. A kafa farantin takarda, a yi harbi a zaune ko a durƙushe kamar yadda za a yi a daji. Iyakar nisan da mutum ke samun farantin kowane harbi, nan ne iyakarsa. In yadi 40 ne, to kada ya harbi barewar da ke yadi 70, komai kyan ƙahonta. Kuma irin harsashin da aka gyara saiti da shi, da shi za a fita, domin kowane kamfani da inda nasa ke sauka.

RANAR FITA

Dole maharbi ya sa riga mai launin ruwan lemo mai haske. Mutum yana hango ta daga nesa, ita kuwa barewa idonta ba ya bambance wannan launi sosai. Ba a harbi sai daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. A ɗauki kowace bindiga tamkar a ɗane take. Kada a nuna bakinta ga mutum, kada yatsa ya taɓa kunama sai an shirya harbi. In za a tsallake shinge ko a hau itace, a cire harsashi tukuna. Ba a harbin motsin ganye ko ƙarar tafiya. Sai an ga dabbar ƙuru-ƙuru, an kuma san abin da ke bayanta.

Wurin da ake auna shi ne bayan kafaɗar gaba, lokacin da ta ba da gefenta. In an same ta ta ruga, a dakata kamar rabin awa kafin a bi jini, don ta kwanta kusa. Da an same ta, sai a cika takardar izini, a sanar da hukuma.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Mu ma muna da maharba na gado, kuma dattawa sun san yadda barewa da gwanki da gada suka yi ƙaranci a dazuzzukanmu. A Nijeriya riƙe bindiga ba tare da lasisi ba laifi ne, haka nan farauta a gandun daji irin na Yankari. Muna kuma jan kunnen masu bindiga ƙirar gida, kada su sa mata harsashin da ya fi ƙarfinta, domin bututunta ba a gwada shi ba. Uban da zai fita da ɗansa farauta ya fara koya masa inda ake nuna bakin bindiga, ya kai shi gaban tudu ya gwada hannunsa, sannan su shiga daji. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye mu da tsautsayi, amin.