Gargaɗi ga Mai Gini: Dakata Kafin a Rufe Bango

Wannan kira ne ga duk wanda gininsa ya kai linta, ko an riga an ɗora kwano, yana shirin shiga aikin ƙarshe: waya, famfo, filasta, silin, tayil da fenti. Ina roƙonka don Allah ka dakatar da ma'aikata ko da na mako guda ne, ka zauna ka sake lissafi. Gine-gine sun tashi a bayan kowane gari, daga Kano zuwa Kaduna, Katsina da Sakkwato, kuma abin da ido ke gani a wuraren nan abin tsoro ne. Mutane na gina abin da zai iya halaka iyalansu da kuɗin guminsu, kuma yawancin ɓarnar a wannan mataki na ƙarshe ake yin ta, lokacin da aljihu ya yi sanyi, rai kuma ya ƙagu a tare.

Yadda abin ke zuwa sananne ne. Mutum ya yi shekaru yana tara bulo, yau ya sa layi biyu, gobe ya tsaya. Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, duk lissafin da ya yi ya rushe. Ɗan abin da ya rage sai ya kasa shi biyu: abin da baƙo zai gani da abin da bango zai rufe. Tayil mai ƙyalli, POP mai fitilu kala-kala da ƙofar Turkiyya, waɗannan ba a ja musu tsada. Amma da an zo kan waya da bututu, sai ka ji ya ce wa yaronsa, "Je ka samo mai sauƙi, ai ba ganinta za a yi ba." Wannan kalma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Waya ita ce ke cin gida da tsakar dare. Ta ƙwarai jan ƙarfe ce zalla. Amma kasuwa cike take da wadda cikinta alminiyon ne aka shafa masa ruwan jan ƙarfe a sama, da wadda aka rubuta mata kauri 2.5 alhali ba ta kai ba, da wadda aka buga mata sunan kamfanin kirki na ƙarya. Kada ka aika, ka je da ƙafarka. Ka ce a yanko maka ɗan guntu, ka fere robar, ka kankare silin ƙarfen da wuƙa. In ka ga fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, ajiye musu abinsu. Ka ɗaga naɗin a hannu ka gwada da na wani shago, domin ta jabu ba ta da nauyi. Irin wannan waya tana ɗaukar zafi a hankali cikin bango, robarta tana bushewa tana tsagewa, har ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi kowa yana barci. Hukumar kashe gobara ta Jihar Kano ta sha bayyana cewa kayan lantarki marasa inganci da sakaci da gas na cikin manyan abubuwan da ke haddasa gobarar da take kashewa.

Ko wayar ta ƙwarai ce, sai an sa kowace a muhallinta. Ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce 1.5 ta fitila ce, 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da hitar wanka kuma a ja musu layinsu daban da mai kauri 4 ko sama da haka, kowanne da birekarsa. Shi ya sa dole ka yanke shawara tun yanzu: ina firij zai zauna, ina za a yi guga, wane ɗaki ne zai samu na'urar sanyi ko da nan da shekara uku ne, ina batiran sola za su zauna. Wanda bai yi wannan tunani ba kafin filasta, shi ne za ka tarar ya jona firij da hita da dutsen guga a kan soket ɗaya. Ka hau silin da kanka kafin a rufe shi. In ka ga an murɗa waya da waya an naɗe da baƙin salatif an yar a kan katako, ba bututu ba akwatin haɗi, ka sa a warware a gabanka. Ka tambayi mai aikin ina sandar ƙarfen da ya binne a ƙasa domin ta janye wutar da ta ɓalle, ya nuna maka ita da yatsa. Ka ce ya sa maka irin birekar da ke yanke wuta nan take in ta bi ta jikin mutum. Kuɗinta bai kai na fitilar ado ɗaya da za ka rataya a falo ba, kuma ita ce tsakanin yaronka da ajali ranar da ya taɓa famfo da jiƙaƙƙen hannu hita tana zubar da wuta.

Sai tagogi. Na san halin tsaro da muke ciki, ba kuma zan ce wa kowa kada ya sa ƙarfe a tagarsa ba. Amma duk wanda ya taɓa zuwa wurin gobarar dare ya san yadda abin yake: maƙwabta a waje da guduma da diga suna dukan ƙarfen da aka dasa cikin kankare, mutanen gida a ciki suna kururuwa, ƙofa ɗaya tak, ita ma wutar ta tare ta. Kafin ƙarfe ya saki, hayaƙi ya gama aikinsa. Ka gaya wa mai walda, tun kafin ya yanka ƙarfe, cewa a kowane ɗakin kwana kana son taga ɗaya wadda ƙarfenta ke buɗewa daga ciki, da sakata ko kwaɗon da makullinsa ke rataye a inda yaro mai hankali zai iya kaiwa. Ka fitar da ƙofar baya. Gida mai ƙofa ɗaya da tagogi dasassu kurkuku ne, komai kyan fentinsa.

Abin da ke saman kai ma sai an duba. Silin roba ya karɓu saboda araha da sauƙin wankewa, amma in wuta ta kama shi narkewa yake yi yana ɗiga, yana fitar da baƙin hayaƙi mai guba da ke shaƙe mutum. In ba makawa sai ka sa shi, to, kada ya shiga kicin, kada kuma waya tsirara ta bi ta kansa. Masu lulluɓe fuskar gini da faifan alminiyon na ado, irin wanda ya cika shaguna da gidajen mai har ya fara shiga gidajen kwana, su tambayi abin da ke tsakiyar faifan. A ranar 14 ga Yuni 2017 gobara ta tashi a kicin ɗin wani gida cikin dogon benen Grenfell a Landan. Abin da ya kai wutar har ƙololuwar ginin cikin ɗan lokaci shi ne irin wannan faifai mai roba a ciki da aka lulluɓe bangon da shi don kyau. Mutum 72 suka mutu, a birnin da ke da motocin kashe gobara a kowane lungu. POP kuwa ba ya ci da wuta, amma nauyi gare shi. In an rataye shi da siririyar waya a jikin ɗanyen katako, ko kwano na yoyo a kansa, wata rana zai sauko gaba ɗaya. Kada a fara shi sai ruwan sama ya gwada rufin, ko an hau an zuba ruwa an duba.

A zanen gidanka, ina ka ajiye wa janareta wuri? Yawancinmu ba ma tunawa da shi sai an tare, sai a tura shi lungu ko ƙarƙashin matakala ko bakin tagar ɗakin yara saboda tsoron ɓarayi. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum, daga nan sai a wayi gari a fasa ƙofa. An yi asarar iyalai sukutum ta wannan hanya a ƙasar nan ba sau ɗaya ba. Ka gina masa ɗan ɗakinsa a waje, mai iska, nesa da kowace taga. Haka tukunyar gas: a yi mata keji a bayan kicin, a shigo da bututu, kicin ɗin kuma a ba shi taga ta gaske.

Tayil ba zan daɗe a kansa ba. Mai sheƙi kamar madubi na bango ne, ko falon da ruwa ba ya zuwa. A banɗaki da wurin alwala da matakala da tsakar gida, ka sa mai kaushi. A shagon ka zuba masa ruwa ka taka da ƙafa kafin ka biya. Ka tuna da tsohuwarka da za ta shiga alwalar asuba, da matarka mai ciki. Tsoho in ya karye a ƙugu sau da yawa ba ya sake tashi.

Fenti kuwa akwai magana. Binciken da aka yi a kasuwannin Najeriya ya nuna cewa fentin mai da yawa, musamman rawaya da ja da ruwan lemo, na ɗauke da dalma fiye da kima. Iyakar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira a tsaya a kai ita ce kashi 90 cikin miliyan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Mu ba baƙin wannan guba ba ne. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Ta fenti ba ta kisa da sauri haka, a hankali take bi. Fentin ƙofa da ƙarfen taga ya tsufa ya ɓare ya zama ƙura, yaro mai rarrafe ya shafa ya kai baki, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. A cikin ɗaki ka yi amfani da fentin ruwa. In za ka sayi na mai don ƙofofi, ka nemi wanda kamfanin ya rubuta a jikin gwangwani cewa babu dalma, mai tambarin hukumar SON, ka guji wanda ake haɗawa a bayan shago a ɗura a bokitin da ba suna.

Akwai wata ɓarna da ke ƙarƙashin ƙasa. Masana lafiya na ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin bahaya da rijiya. Fulotin awon igiya mai ƙafa 50 a 50 kuwa kowane gefensa mita 15 ne kawai. Ka ga ke nan in ka haƙa sokawe da rijiya a cikinsa, ko ka manna rijiyarka da bangon da maƙwabci ya yi masa sokawe, ƙazanta za ta iya tsiyaya ta sadu da ruwan shanku, taifot da amai da gudawa su zama 'yan gida. Ka zagaya ka tambayi maƙwabta inda nasu ramukan suke kafin mai haƙa ya kafa inji. Inda tazara ba ta samu ba, gara ku haɗa kuɗi a yi burtsatse ɗaya a wuri mai nisa. Bututun ruwa kuma a cika su, a bar su kwana ɗaya ko biyu a ga ko suna yoyo, sannan a rufe da filasta da tayil.

Kada kuma ka yarda aikin ƙarshe ya ci ƙashin ginin. Za ka ga mai famfo ko mai waya ya ɗauki kurfi yana sassaƙa ginshiƙi don ya ɓoye bututu, har rodi ya fito fili. Ka hana shi, ko da zai ce aikin ba zai yi kyau ba. Tankin ruwa mai lita 2,000 in ya cika nauyinsa tan biyu ne, daidai da buhun siminti 40, kuma mutane na ɗora biyu ko uku a kan dakin, wato rufin kankare, da ba a lissafa shi da su ba. Haka mai ƙara bene a kan harsashin da aka yi don gidan ƙasa. Kankare na bukatar a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka auna masa. Mai gaggawar cire tokara don a fara silin yana wasa da rai. Ba mu manta da ranar 12 ga Yuli 2024 ba, da benen wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji ta Jos ana tsakiyar darasi, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai.

Ga 'yan'uwana ma'aikata, birkila da mai waya da mai famfo da mai walda: mai gida bai san abin da kuka sani ba, amana ya ba ku. In ya kawo kayan banza ku gaya masa gaskiya, in ya ƙi ji ku ajiye aikin. Wanda kuma ya karɓi kuɗin waya mai kyau ya sayo ta jabu ya soke ragowar, ya sani in gidan ya kama da wuta akwai hakkin rayuka a wuyansa. Uwargida, ke ce za ki wuni a gidan nan da yara, kina da bakin magana tun kafin a tare. Ki je ki ga kicin, ki ga banɗaki, ki tambayi ta ina za ku fita in wuta ta tare ƙofa.

Kai kuma mai gini, ka kai zanenka hukumar tsara birni, KNUPDA in a Kano kake, KASUPDA in a Kaduna, ka karɓi izini. Ka biya injiniya mai rajistar hukumar COREN ya zo ya duba ginshiƙai da dakin, ka nemi mai waya da ke da shaidar hukumar NEMSA. In kuɗin bai isa komai ba, ka sa shi a waya da bututu da tagar da ke buɗewa, ka tare a kan daɓen siminti da bango ba fenti, tayil da POP su jira baɗi. In an riga an yi filasta, ka kira wani mai waya daban ya auna layukan kafin ka kwana da iyali a ciki. Kuma don Allah ka isar da wannan magana ga ɗan'uwanka da ke gini tun bai kira mai filasta ba.