Hayao Miyazaki: dattijon da ya ƙi aje alƙalamin zane

Yau za mu leƙa ƙasar Japan. Zane-zanen nan masu motsi da yara ke kallo a tele ko a salula, da yawanmu wasa muke ɗaukarsu. To, akwai wani dattijo, Hayao Miyazaki, da ya share shekara 60 yana wannan sana'a.

An haife shi a birnin Tokyo a 1941, cikin yaƙin duniya na biyu. Masana'antar danginsu kayan jiragen yaƙi take ƙerawa. A jami'a siyasa da tattalin arziki ya karanta, amma a 1963 ya shiga kamfanin zane na Toei yana ƙaramin ma'aikaci.

Aikinsa cike giɓi ne. Babban mai zane zai zana mutum hannunsa ƙasa, ya sake zana shi hannu sama, shi kuma ƙaramin ya zana duk hotunan tsakiya, ɗaya bayan ɗaya. In aka jera su da sauri sai ido ya ga motsi. Daƙiƙa guda tana iya cin hoto 12, wani lokaci har 24. Sai da ya shekara 16 kafin ya jagoranci dogon fim ɗinsa na farko, a 1979.

A 1985 shi da abokinsa Isao Takahata suka kafa kamfanin Ghibli. Abin mamaki, sunan daga Saharar nan tamu ya fito: haka ƴan Libiya ke kiran iska mai zafi da ke tasowa daga kudu, kuma tushensa ɗaya da kalmar alƙibla.

Fim ɗinsa da ya fi tashe shi ne Le Voyage de Chihiro, na 2001. Labarin yarinya ce ƴar shekara 10 da iyayenta suka rikiɗe aladu saboda kwaɗayi, ta shiga aikatau a gidan wankan iskoki don ta cece su. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 2003, amma Miyazaki ya ƙi zuwa Amurka karɓa, saboda yaƙin Iraƙi. Mu dai wannan ya burge mu.

A 2013 ya ce ya yi ritaya. Ina! Ya sake ɗaukar alƙalami ya kama Le Garçon et le Héron, wato yaro da zalɓe. Masu zane kusan 60, kuma da hannu, a wata guda minti ɗaya kacal suke gamawa. Fim ɗin ya fito a 2023, ya kawo masa Oscar ta biyu a 2024, yana da shekara 83.