Kuɗin Fiton Bututun Ƙarfe: Daga Tashar Ruwa Zuwa Kornaka

1. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala ta taso ne daga wata matsalar fassara. Manomin Kornaka, cikin gundumar Dakoro, ya san « tiyo » da « duwan », waɗanda Hausar Nijar ta aro daga kalmomin Faransanci tuyau da douane. Amma idan mai fassara ya ce masa an ƙara « haraji », tunaninsa zai tafi ga lanho, wato kuɗin da ake biya bisa kan mutum. A wannan yanki ruwa yana da nisa a ƙasa, kuma rijiyar burtsatse ba ta samuwa sai da bututu. Saboda haka wajibi ne a fahimci abin kafin a raɗa masa suna.

2. Yadda ake rarraba bututu

Tun 1988 ma'aikatan duwan na ƙasashe suke amfani da tsarin lambobi guda, wanda hukumar duwan ta duniya da ke Burusel take kula da shi. Bututun ƙarfe yana babi na 73. Lamba 7304 ta ƙunshi bututu marar ɗinki. 7305 ta ƙunshi mai walda wanda faɗin bakinsa ya wuce milimita 406.4, sauran kuwa suna ƙarƙashin 7306. Kalma ɗaya ce a Hausa, amma lambobi uku ne a takardar duwan, kuma lambar ce take yanke abin da za a biya.

3. Yadda ake lissafi

A shekarar 2000 ƙasashen UEMOA suka fara aiki da kuɗin fito na bai ɗaya mai hawa huɗu: kashi 0, 5, 10 da 20 cikin 100. A 2015 CEDEAO ta ƙara hawa na biyar, wato kashi 35. Ana ɗora kason ne bisa kuɗin saye haɗe da na inshora da na dako.

Ga misali. A ɗauka darajar bututu ta kama sefa 1,000,000, kuma lambarsa ta faɗa hawan kashi 10. Kuɗin fito zai zama 100,000. Sai a ɗora TVA, kashi 19, bisa 1,100,000, wanda ya ba da 209,000. Jimilla 309,000 ke nan, ban da ƙananan kuɗaɗe. A lura: tunda dako yana cikin lissafi, duk abin da ya tsawaita hanya yana ƙara nauyin duwan. Hakan ta faru bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, lokacin da kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso maimakon Kotonu da Gaya. Karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ita ma ta ninka kuɗin sayen kayan waje.

4. Kāriya ko kuɗin shiga

Ƙasa mai masana'antar ƙarfe takan ɗaga kuɗin fito don kāre ma'aikatanta, kamar yadda Amurka ta sa kashi 25 kan ƙarfe a 2018. Ƙasar da take shigo da bututunta kuwa, manufarta cika baitulmali ce, kuma mai sayen ruwa a bakin famfo shi ne mai biya a ƙarshe. Bututun mai na Agadem zuwa Seme, mai kusan kilomita 2,000, wanda ya ratsa jihar Maraɗi kuma aka fara lodin mansa a 2024, ya nuna yawan ƙarfen da ƙasa marar teku take buƙata.

5. Kammalawa

Shawararmu ita ce a keɓe « kuɗin fito » ga abin da ake biya a kan iyaka, domin tun zamanin fatake kalmar tana ɗauke da ma'anar ƙetarewa. A bar « lanho » a muhallinsa, « haraji » kuma ya zama suna na gama-gari. Ya rage ga ɗalibai su gwada wannan rabo a kasuwannin Dakoro da Maraɗi, su ji ko kunnen jama'a ya karɓe shi.