Gini A Kan Ƙasar Fadama

Duk wanda ya tsaya bakin Gulbin Zamfara a Jega da rani zai ga fadama ta bushe ta tsattsage, ta yi tauri har magini ya yi sha'awarta. To, wannan tauri na yaudara ne. A wurare da yawa, in an haƙa ƙafa kaɗan sai a tarad da laka mai riƙe ruwa kamar soso. In aka ɗora mata nauyin gini, ruwan nan yakan riƙa tsiyayewa a hankali, ƙasar tana lotsawa, wani gefe ya fi wani. Bayan shekara biyu ko uku sai bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa, a yi ta zagin siminti alhali ba shi da laifi. Haka ta sami hasumiyar Pisa ta ƙasar Italiya, wadda aka fara ginawa a 1173, ta karkace tun ba a gama ta ba.

Magabatanmu sun san wannan, suka zauna kan tudu suka bar wa shinkafa fadama. Amma yanzu Jega ta cika, Aliero ta sami jami'a tun 2006, fili ya yi tsada har wajen Maiyama, mutane sai gangarawa suke yi. Ambaliyar 2020 da ta ci gonakin Jihar Kebbi ta nuna mana iyakar inda ruwa ke zuwa.

In lakar ba ta da zurfi, sai a kwashe ta, a cike ramin da marmara ko tsakuwa, ana zuba inci shida ana yayyafa ruwa ana daɓewa, ba a juye mota guda a baje ba. In kuwa tana da zurfi, dabarar da muka fi yabawa ita ce a jibge tulin ƙasa bisa filin, wanda nauyinsa ya kai na ginin ko ya fi, a bar shi watanni ya matse ruwan. Injiniyoyi sukan haƙa ramuka a tsaye su cika su da yashi don ruwan ya sami hanyar fita da sauri. A kafa alama a tsakiya, a riƙa aunawa kowane mako ana rubutawa, aikin da kowane akawu zai iya. Ran da ta daina sauka, sai a kwashe tulin a ja igiyar harsashi.