Alluran Rigakafi Kafin Tafiya Hutu da Iyali: Yadda Ake Tantance Waɗanda Ake Buƙata

Iyalan da ke shirin tafiya hutu zuwa ƙasashe masu zafi da damshi, irin su Ghana da Kenya da Tanzaniya a Afirka, ko Indiya da Malesiya da Indonesiya a Asiya, ko Barazil a Kudancin Amurka, sukan kwashe watanni suna fafutukar biza da tikiti da masauki, amma batun allurar rigakafi sai a bar shi har makon tafiya ya kama. Daga cikin dalilan wannan sakaci akwai tunanin cewa wanda ya tashi a ƙasa mai zafi jikinsa ya riga ya saba da cututtukanta, alhali kowane yanki da irin ƙwayoyin cutarsa, kuma yara ƙanana ba su da juriyar da manya suka tara cikin shekaru. Tantance allurar da iyali ke buƙata ya rataya ne a kan abubuwa huɗu: abin da dokar ƙasar da za a je ta wajabta, da cututtukan da ke yaɗuwa a takamaiman wurin da za a sauka, da yanayin lafiyar kowane matafiyi, da kuma lokacin da ya rage kafin tashi.

Allurar rigakafi tana ɗauke ne da ƙwayar cuta wadda aka raunana ko aka kashe, ko kuma wani ɗan sashe nata, domin garkuwar jiki ta gane ta tun kafin su haɗu da mai ƙarfin. Wannan aiki yana ɗaukar lokaci, galibi kwana 10 zuwa 14, wasu alluran kuma sai an maimaita su bayan makonni. Shi ya sa masana lafiyar matafiya suke ba da shawarar a ga likita mako 4 zuwa 8 kafin ranar tafiya.

Alluran da doka ta wajabta

Allurar da aka fi tambaya a kan iyakokin ƙasashe ita ce ta zazzaɓin shawara, cutar da sauro ke yaɗawa a Afirka da wasu sassan Tsakiya da Kudancin Amurka. Yawancin waɗanda suka kamu sukan warke bayan 'yan kwanaki na zazzaɓi da ciwon jiki, amma kaɗan daga cikinsu cutar takan juyo musu da tsanani, ta taɓa hanta da ƙoda, idanu su yi rawaya, kuma kusan rabin waɗanda suka kai wannan mataki sukan rasu cikin kwana 7 zuwa 10. Allurar tana da tushe a Yammacin Afirka, domin daga jinin wani mutum mai suna Asibi, a ƙasar da a yau ake kira Ghana, aka ware ƙwayar cutar a 1927, kuma daga ita ne Max Theiler, haifaffen Afirka ta Kudu, ya samar da allurar a 1937, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1951.

Shaidar wannan allura ita ce takardar nan mai ruwan ɗorawa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, wadda ake rubuta sunan matafiyi a cikinta da ranar allura da lambar rukunin maganin, sannan jami'in lafiya ya sa hannu ya buga hatimin cibiyar da aka amince da ita. Takardar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allura. A da akan sabunta ta duk shekara 10, amma tun daga 11 ga Yuli, 2016, allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ghana tana neman takardar daga duk mai shiga ƙasar wanda ya kai wata 9, yayin da Indiya da Afirka ta Kudu da Saudiyya suke neman ta daga wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, kamar Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi da Sudan. Babu zazzaɓin shawara a Asiya, amma akwai sauron da ke iya yaɗa shi, don haka Indiya takan killace matafiyin da ya iso ba tare da takardar ba har tsawon kwana 6. Wasu ƙasashe sukan ma nemi takardar daga wanda ya yi yada zango fiye da awa 12 a filin jirgin ƙasar da cutar take, abin da ke nuna cewa hanyar da za a bi tana da muhimmanci kamar ƙasar da za a sauka.

Sayen takardar ba tare da yin allura ba, wanda wasu ke yi idan lokaci ya ƙure musu, cin amanar yaran da aka ɗauko ne, domin takarda tana iya wuce da mutum gaban jami'in shige da fice, amma ba ta hana cuta shiga jini. A Nijeriya an ɓullo da takardar mai lambar tantancewa ta intanet domin daƙile na jabu.

Iyalan da ke haɗa hutu da Umara suna da ƙarin wajibi, wato allurar sanƙarau mai kariya daga nau'o'i huɗu na ƙwayar cutar, waɗanda ake kira A da C da W da Y. Saudiyya ta tsaurara wannan sharaɗi bayan ɓarkewar nau'in W a tsakanin alhazai a 2000 da 2001, kuma dole ne a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin isa ƙasar. Haka nan takan nemi shaidar rigakafin shan inna daga mazauna wasu ƙasashe, Nijeriya a cikinsu.

Alluran yau da kullum

Abin da iyaye suka fi mantawa shi ne katin rigakafin yara da ke ajiye a gida, alhali shi ne ya kamata a fara buɗewa. Ƙyanda tana cikin cututtukan da suka fi saurin yaɗuwa a duniya, domin ƙwayarta tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai cutar ya fita, kuma kusan mutum 9 cikin 10 marasa rigakafi da suka kusance shi sukan kamu. Filayen jirgin sama da otal-otal da wuraren wasan yara suna tara mutane daga ƙasashe daban-daban, saboda haka ya wajaba kowane yaro ya sami allurar ƙyanda sau biyu. Jaririn da ya kai wata 6 amma bai kai lokacin allurarsa ba, likita yana iya yi masa ta wuri saboda tafiyar, sai dai wannan ba ta shiga lissafin biyun da zai karɓa daga baya.

Haka batun yake game da mashaƙo da tarin shiƙa da cutar sarƙewar haƙora da ciwon hanta nau'in B, waɗanda allura ɗaya ke haɗa rigakafinsu ga jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a Nijeriya daga ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano, ta nuna abin da ke faruwa idan yara da yawa suka tsallake wannan allura. Manya ma kariyarsu daga mashaƙo da sarƙewar haƙora tana raguwa, shi ya sa ake sabunta ta idan an haura shekara 10. Game da shan inna kuwa, an ayyana Afirka a matsayin nahiyar da ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agusta na 2020, amma har yanzu tana nan a Pakistan da Afganistan.

Alluran da suka dogara da wuri da irin tafiya

A nan ne ake buƙatar likita ya ji cikakken tsarin tafiyar, domin iyalin da za su kwana 7 a babban otal a Kuala Lumpur ba ɗaya suke da waɗanda za su yi wata 2 a ƙauyen dangi ba. Zazzaɓin taifot da ciwon hanta nau'in A ta gurɓataccen abinci da ruwa suke shiga jiki, kuma hatsarinsu ya fi yawa ga masu cin abincin gefen titi da shan ruwan da aka sa wa ƙanƙarar da ba a san asalinta ba. Allurar taifot ba ta ba da cikakkiyar kariya, don haka tsaftar abinci tana nan a matsayin wajibi, amma muhimmancinta ya ƙaru ga masu zuwa Kudancin Asiya tun bayan da wani nau'in cutar mai bijire wa yawancin magunguna ya bayyana a lardin Sindh na Pakistan a 2016. Shi kuwa ciwon hanta nau'in A, manya da yawa da suka tashi a Yammacin Afirka sun riga sun kamu da shi tun suna ƙanana ba tare da sun sani ba, kuma sun sami kariya ta dindindin, amma 'ya'yansu da aka haifa a Ingila ko Amurka ba su da wannan kariya. Allura biyu ake yi, wata 6 zuwa sama tsakaninsu, kuma ta farkon ta isa kare matafiyi a lokacin hutunsa.

Cutar haukan kare ta cancanci kulawa ta musamman ga mai tafiya da yara, domin da zarar alamunta sun bayyana kusan babu wanda ke tsira. Tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, galibinsu a Asiya da Afirka, kuma kaso mai yawa daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro yakan durƙusa ya miƙa hannu ga ɗan kwikwiyo a bakin teku, ko ya riƙe ayaba a gaban biri a wurin yawon buɗe ido kamar tsibirin Bali, dabbar ta yakushe shi a yatsa, shi kuma ya ɓoye hannun cikin aljihu saboda tsoron faɗa. Allura biyu kafin tafiya, kwana 7 tsakaninsu, ba su ɗauke buƙatar zuwa asibiti bayan cizo, amma suna rage yawan alluran da za a yi, kuma suna ɗauke buƙatar wani magani mai tsada da ake sarrafawa daga jini wanda ke wuyar samu a ƙananan garuruwa. Duk wanda dabba ta ciza ko ta yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar.

Akwai kuma cutar kumburin ƙwaƙwalwa ta Japan, wadda sauro ke ɗaukowa daga aladu da tsuntsayen ruwa a yankunan noman shinkafa na Asiya. Ana ba da shawarar allurarta ga wanda zai yi wata guda ko fiye a karkara, musamman da damina, amma mai ɗan gajeren hutu a birni ba kasafai yake buƙatarta ba. Allurar kwalara ma haka take, an fi ba ma'aikatan agaji da masu zuwa inda ake annoba.

Cututtukan da allura ba ta rufe ba

Alluran rigakafin zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 2021 da 2023, waɗanda Nijeriya ta fara ba da ɗaya daga cikinsu a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, an tanade su ne domin ƙananan yaran da ke zaune a inda cutar take. Matafiyi ƙwayoyin sha ake rubuta masa, waɗanda yake farawa kafin tafiya ya ci gaba har bayan dawowa, wasu na kwana 7, wasu na mako 4, kuma akwai nau'in da ba a ba mai juna biyu ko yaron da bai kai shekara 8 ba. Daga cikin waɗanda suka fi faɗawa hatsarin wannan cuta akwai Hausawa mazauna Turai da Amurka masu kawo iyali ganin gida, domin juriyar da mutum ya tara tana gushewa bayan ya daɗe ba ya inda sauron yake, 'ya'yansa kuwa ba su taɓa samun ta ba. Duk zazzaɓin da ya kama matafiyi bayan dawowa, ko da watanni sun wuce, ya kamata a gwada jini a kuma faɗa wa likita inda aka je. Zazzaɓin dengi da cutar Zika sauron rana ne ke yaɗa su, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da man shafawa mai korar sauro da tufafi masu rufe jiki. Zika tana iya sa a haifi jariri da ƙaramin kai, kamar yadda aka gani a Barazil a 2015 da 2016, don haka mai juna biyu ta fi dacewa da ɗage tafiya zuwa inda cutar ke yaɗuwa.

Duba lafiyar kowane matafiyi

Allurar da ta dace da uba tana iya cutar da jariri ko kaka. Ta zazzaɓin shawara tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai wadda aka raunana, saboda haka ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba, ko mai raunin garkuwar jiki, ko wanda jikinsa ke ƙin ƙwai sosai, kuma ana auna amfani da hatsari kafin a yi wa mai juna biyu, da mai shayar da ƙaramin jariri, da wanda ya haura shekara 60. Wanda ba za a iya yi wa ba, likita yakan rubuta masa takardar uzuri, kodayake ƙasar da za a shiga ce ke da ikon karɓa ko ƙi. Alluran da ke ɗauke da ƙwaya mai rai, kamar ta ƙyanda da ta shawara, ana yin su rana ɗaya ko a bar mako 4 tsakaninsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ciki ko da sabo ne, da cuta mai karya garkuwar jiki, da maganin daji, duk wajibi ne a bayyana su ga likita.

Sharuɗɗan ƙasashe suna sauyawa idan annoba ta ɓulla, don haka a tabbatar da su daga ofishin jakadancin ƙasar da kuma sashen kula da lafiya na tashoshin shiga da fita. Idan kuɗi bai isa a yi komai ba, a fara da abin da doka ta wajabta, sai a cike giɓin katin yara, sai ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro, sannan sauran bisa girman hatsarin wurin. Iyalin da suka sa ranar ganin likita a lokacin da suke neman biza sun ba jikin 'ya'yansu makonnin da yake buƙata kafin kariya ta kammala, kuma idan ta bayyana cewa ɗaya daga cikinsu bai kamata ya je wurin ba, za su sani tun da sauran damar sauya ƙasa ko ɗage tafiyar.